Lambun haya da yawon tsauni a yankin Peak District: tambayoyi da amsoshi

Ina zaune a yammacin Shefild, a arewacin Ingila, daidai inda gidaje ke ƙarewa tsaunin yankin Peak District ya fara. Ina da ɗan lambun haya, ranar da kuma ba na lambu ana samuna a kan tudu. 'Yan uwa da suka zo karatu ko aikin asibiti, da na gida da suka ga hoto, kusan tambayoyi iri ɗaya suke min. Ga su na tara.

Mene ne lambun haya, kuma wa ke bayar da shi?

Fili ne babba da aka yanka fegi-fegi, kowa ya karɓi nasa yana biyan haya shekara-shekara, ya shuka abin da iyalinsa za su ci. A takardun hukuma sunansa allotment, da wannan sunan za ka neme shi. Cikakken fegi ya kai murabba'in mita 250, wato kamar mita 10 a faɗi, 25 a tsawo, amma yanzu wurare da yawa rabi suke bayarwa saboda yawan masu nema. Yawanci ƙaramar hukuma ce mai filin, wani lokaci coci ko wata gidauniya. A Shefild kaɗai hukumar birni na da fegi fiye da 3,000 a wurare sama da 70.

Me ya kawo gwamnati raba wa mutane gona?

Ramuwa ce, ba kyauta ba. A ƙarni na 18 da na 19 masu ƙasa suka yi ta kewaye filayen da talakawan ƙauye ke kiwo da itace a cikinsu tun kaka da kakanni, da goyon bayan majalisa. Mutum ya wayi gari ba shi da inda zai ɗaure akuya. Dokar 1845 ta ce a riƙa ware wa marasa ƙasa ɗan wurin noma, sai dai abin da aka ware bai taka kara ya karya ba. A 1908 ne aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da lambuna in akwai buƙata, har aka ce in mazauna wuri shida suka rubuta suna nema, wajibi ne hukuma ta duba buƙatarsu. Dokar 1925 kuma ta hana sayar da filin da aka keɓe don wannan aiki sai da izinin minista.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen ruwan Jamus suka tare hanyar shigo da abinci, aka tone har filayen wasa aka shuka dankali. A 1943 fegi ya kai wajen miliyan 1.4. Bayan yaƙi aka yi sakaci, aka gina gidaje a kan da yawa. Shi ya sa yau ake layi.

Baƙo zai iya samu?

Zai iya. Abin da ake dubawa shi ne kana zaune a yankin hukumar, kuma ka kai shekara 18. Ka sa sunanka a layi yau, domin jira na iya kai shekaru, musamman a wuraren da ke da famfo da hanyar mota.

Kafin layi ya zo kanka, nemi lambun gayya. A wurare da yawa akwai fegin da ƙungiya ke riƙe da shi, a taru ranar Asabar ko wata rana a yi aiki tare, a sha shayi, a raba abin da aka girbe. Ga ɗalibin da zai yi shekara ɗaya ko biyu ya tafi, ni a ganina wannan ya fi, don ba za ka ɗauki nauyin da za ka gudu ka bari ba. A garin Todmorden, can arewa cikin tsaunukan Pennine, wasu mata da suka haɗa da Pam Warhurst da Mary Clear sun fara wani abu a 2008 da suka kira Incredible Edible: su shuka kayan miya a bakin titi, a tashar jirgi, har a gaban ofishin 'yan sanda, kowa ya zo wucewa ya tsinka.

Malam, ni fa ɗan manomi ne. Me kuma za a koya min?

Haka na ce ni ma. Shekarar farko na ga rana ta fito tarwai a watan Afrilu, mutane sun tuɓe rigunan sanyi, sai na kwashe dashen tumatir da na rena a tagar kicin na kai lambu na dasa. Dattijuwar da ke fegin kusa da nawa ta tsaya da bokiti a hannu, ta dube su, ta dube ni, ta ce sai dai in ina da wasu a gida. Na yi murmushi na ce a raina, wannan ba ta san daga inda na fito ba. Bayan kwana tara na zo da safe na tarar raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa, tumatir kuwa sun yi baƙi sun kwanta kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Ko ɗaya bai tashi ba.

A gida ruwa muke jira, rana kuwa ko ba ka roƙa ba za ta zo. A nan an juya abin. Ruwa ya yi yawa, zafi ne ba ya isa, kuma kusan duk dabarar da hannunka ya saba da ita sai ka kifar da ita. A lambun rani fangali muke yi mai zurfi don ya riƙe ruwa. A nan ɗaga ƙasa ake yi, a kewaye da katako, don ruwa ya tsiyaye saiwa ta sha iska. Mu inuwa muke nemar wa dashe. A nan kafin ka karɓi fegi sai ka duba ko bishiyar maƙwabci za ta tare maka rana daga kudu.

Tudu kuma yana ƙara nasa. Duk hawan mita 100 zafi na raguwa da fiye da rabin digiri, saboda haka lambun da ke gefen tsauni na iya bin na cikin kwari baya da mako biyu ko fiye. Sanyin da ke daskarar da raɓa na iya dawowa har ƙarshen Mayu, don haka duk abin da ba ya jure shi sai farkon Yuni yake fita waje. Ga iska daga yamma mai karya wake. Katangar da ba ta da kafa ba ta maganinta, sai ma ta sa iskar ta tsallako ta yi juyi. Shinge mai 'yan ƙofofi, ko raga, shi ke rage mata ƙarfi.

Ƙasar gefen tsaunukan nan tana da tsami. Kabeji da danginsa ba sa so, kuma a ƙasa mai tsami ne ciwon da ke kumbura musu saiwa ya fi yaɗuwa, ga shi yana shekaru a ƙasa bai mutu ba. Akwai ɗan abin gwaji mai arha a shagunan kayan lambu. In awon tsamin (pH) ya nuna ƙasa da 6.5, a barbaɗa farar ƙasa da hunturu a inda za a sa kabeji, amma ban da inda za a sa dankali.

Abu ɗaya da za ka ji daɗinsa: a Yuni hasken rana na kai kusan awa 17. Ka tashi aiki ƙarfe biyar, ka yi noma har tara da rabi. Tsiro na girma kamar ana jan sa. Ciyawa ma haka.

To me ke yi a wurin?

Dankalin turawa ne sarki, kamar dai yadda ya karɓi sanyin Jos. Ana jera irin a taga tun Fabrairu ya yi tsiro, a binne a Afrilu, a riƙa tara masa ƙasa. Albasa, karas, latas, kabeji, gwangwama irin tasu mai jan ciki da waken turawa duk suna yi. Tafarnuwa a Oktoba ko Nuwamba ake binne ta, don sai ta sha sanyi take rabuwa ɗiya-ɗiya. Akwai wani tsiro mai jan kara mai tsamin gaske, rubab, wanda ba ya buƙatar komai sai taki. Yankin da ke tsakanin Wakefield da Morley da Rothwell ya yi suna da shi.

Namu na gida kuwa, gaskiya ɗaya ce. Alayyafo na yi in an shuka a Yuni. 'Yan Jamaika sun daɗe suna noma irin nasu a lambunan Ingila. Kabewa na yi in bazarar ta yi kyau. Tumatir, tattasai da attarugu sai a rumfar leda ko ɗakin gilashi, kuma attarugu tun Janairu ko Fabrairu ake shuka shi a cikin gida, don yana da nawa. Kuɓewa ko a rumfa sai dai ka samu ta miya ɗaya ka ɗauki hoto. Yakuwa za ta ba ka ganye, amma kada ka sa rai da zoɓo: sai yini ya gajarta take fure, a nan kuwa kafin yini ya gajarta sanyi ya riga ya iso. Gero da dawa, a bar wa Allah.

In sa a aiko min iri daga gida?

Kada ka cusa a jaka. Birtaniya na da tsauraran dokoki a kan shigo da tsiro da iri, da yawa sai da takardar shaidar lafiyar tsiro. Irin alayyafo, kuɓewa da attarugu duk ana sayarwa a nan.

Wane ne babban abokin gaba?

Ba fara ba, ba tsuntsun jan baki ba. Wani dodon koɗi ne marar ƙoƙo, mai yauƙi, da ke fitowa da dare in ƙasa ta jiƙe. Layin latas guda yana iya ɓacewa kafin asuba, sai sawun yauƙi mai ƙyalli za ka tarar. Tun Afrilun 2022 an hana amfani da tsohuwar gubar metaldihaid a waje saboda tana kashe tsuntsaye da bushiya da karnuka. Akwai wata mai sinadarin ƙarfe da aka yarda da ita. Ni dai tocila da bokiti nake ɗauka bayan isha'i, kuma ba na dasa komai sai ya yi ƙwari.

Sai hasbiya, wadda ke tsige kabeji har ƙashi in ba a rufe da raga ba. Sai ciwon ganyen dankali, wanda ke zuwa in an yi ɗumi da laima a Yuli ko Agusta, shi ne wanda ya jefa Ayalan cikin yunwa daga 1845. Da ka ga baƙin tabo yana yaɗuwa, yanke ganyen gaba ɗaya, ka bar dankalin a ƙasa mako biyu kafin ka tona.

A kula da taki kuma. Kashin doki ana samu kusan kyauta, amma in dokin ya ci ciyawar da aka fesa wa wani maganin kashe ciyayi, dafin na bin kashin ya nannaɗe ganyen wake da tumatir. Gwada shuka wake a ɗan gwangwani tukuna. Wanda kuma ke kiyaye abin da yake taɓawa, ya tambayi ko takin na wace dabba ne, ya karanta jikin buhu, don akwai wanda ake yi da jini da ƙashi.

Zan iya sayar da abin da na noma? Kaji fa?

Dokar 1922 ta ce lambun na cin gida ne, ba na kasuwa ba. Rara dai ana kyauta da ita. Dokar 1950 ta yarda da kaji mata da zomaye, ban da zakara, kuma kowane wuri na da nasa ƙarin sharuɗɗa a kan rumfa, ƙona shara da ruwan famfo. Wanda aka fi kora shi ne wanda ya bar fegi ya zama daji, domin irin ciyawarsa gonar maƙwabta yake tafiya. Za a rubuto maka gargaɗi, in ba ka gyara ba a ba na bayanka.

Shi wannan tsaunin da kake yawan hawa, wane iri ne?

Kada ka kawo duwatsun Zuma ko Kwatarkwashi a ranka. Tudu ne shimfiɗaɗɗe, mai faɗi, babu bishiya, babu gida, sai iska da tumaki. Turawa na ce masa moor. Wani ɗan gajeren tsiro mai suna heda ya rufe shi, launin ƙasa-ƙasa duk shekara, sai a Agusta ya yi fure gaba ɗaya tudun ya koma shunayya. A ƙarƙashi akwai baƙin taɓo mai laushi kamar soso, wanda gansakuka ce da ta mutu ba ta ruɓe ba saboda ruwa da tsami. Kusan milimita ɗaya yake ƙaruwa a shekara, wato in ka ga rami mai zurfin mita biyu, aikin shekara 2,000 kake kallo. Shi ya sa ruwan ƙoramun wurin ke da launin shayi.

Hayaƙin masana'antun Mancesta da kewaye ya kashe gansakukar a wurare da yawa, ƙasa ta tsiraita ruwa ya yi ta kwasa. Tun 2003 wata haɗaka mai suna Moors for the Future ke toshe kwazazzabai tana sake dasa ta. In ka ga an shimfiɗa manyan duwatsu a hanya, bi kansu. Don kare taɓon aka sa, ba don takalminka ba.

Ba gonar wani ba ce? Ba za a kama ni ba?

Kusan ko'ina na da mai shi, amma akwai haƙƙin wucewa. Ka tuna burtali: hanya ce da ta ratsa gonaki, mai gona bai isa ya toshe ba. A Ingila da Wales irin waɗannan hanyoyi sun kai mil 140,000, wasu ta tsakar gidan manomi ma suke bi.

Saman tudun kuwa da ƙyar aka same shi. Masu ƙasa sun keɓe shi don harbin wata tsuntsuwa mai kama da makwarwa, suka zuba masu gadi da sanduna. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ma'aikata matasa kimanin 400, yawancinsu daga Mancesta, suka taso daga ƙauyen Hayfield suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wani saurayi ɗan shekara 20, Benny Rothman, na cikin jagororinsu. Aka yi 'yar dambarwa da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar daga wata biyu zuwa shida. Ɗaurin ne ya jawo wa lamarin magoya baya. A 1949 aka yi dokar gandayen ƙasa, a 1951 Peak District ya zama na farko a Birtaniya. Amma 'yancin barin hanya ka ratsa tudu yadda kake so sai a dokar 2000 aka same shi, shekara 68 bayan wancan hawan. Ko yanzu mai ƙasa na iya rufewa har kwana 28 a shekara, kuma lokacin harbi na farawa ne 12 ga Agusta, don haka a karanta allon da ke bakin ƙofa.

Yaya zan gane hanya?

Kibiya rawaya ta masu ƙafa ce kawai. Shuɗiya, har da doki da keke. Ja, har da mota. Taswirar Ordnance Survey, hukumar taswirar ƙasar, mai lamba OL1 ita ce ta arewacin yankin, OL24 ta kudanci. Hanyoyin da ke da haƙƙin wucewa an ɗiga su da kore. Kada ka dogara da waya kaɗai, sanyi na shanye batir, kuma a kwari da yawa babu sabis.

Ƙofa, ka bar ta yadda ka same ta. Kada ka hau katangar dutse, ba siminti a jikinta. Mai kare ya riƙe shi da gajeriyar igiya daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen wurin a ƙasa suke ƙwai, da kuma duk lokacin da akwai dabbobi kusa. Saniya mai ɗan maraƙi kuwa ba sai na gaya wa Bahaushe ba: a kewaye ta.

Daga ina zan fara?

Jirgin ƙasan da ke tsakanin Shefild da Mancesta na tsayawa a Grindleford, Hathersage, Hope da Edale. Fara da tudun Mam Tor, mai tsawon mita 517. Hanyar samansa a shimfiɗe take da dutse, yara ma na hawa, kuma daga can za ka hango tsohon titin da zaizayar tudun ta kakkarya har aka haƙura da shi a 1979. Daga Hathersage akwai Stanage Edge, wani dogon bakin dutse. Kinder Scout, mita 636, a bar shi sai ƙafa ta saba, kuma a je da wanda ya san wurin, don in hazo ya sauka samansa ko'ina iri ɗaya ne. A Edale ne doguwar hanyar Pennine Way ta fara, wadda aka buɗe a 1965, mil 268 har cikin Sikotilan.

Akwai haɗari? Maciji fa?

Maciji mai dafi ɗaya ne a ƙasar, ɗan dangin kububuwa, kuma gudun mutum yake yi. Kaska ta fi shi zama abin dubawa, tana iya sa ciwon Laim. Tura ƙafar wando cikin safa, ka duba jikinka in ka dawo.

Mai kisa shi ne jiƙewa a cikin iska. A Maris na 1964 wasu matasa uku 'yan sikawut sun mutu da sanyi a wata gasar tafiya a tsaunukan nan, abin da ya sa aka tsara ƙungiyoyin ceto na yankin. Wandon jins da rigar auduga in sun jiƙe ba sa bushewa, zafin jikinka suke zuƙewa. Sa kaya hawa-hawa, rigar ruwa a sama, takalmi mai kama ƙasa, hula, ruwan sha, dabino ko gyaɗa, da tocila, don a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Gaya wa wani inda za ka. In abu ya faru, kira 999, ka nemi 'yan sanda, sannan ka ce ceton tsauni kake so. Masu zuwa 'yan sa kai ne, ba a biyansu, kai ma ba za a caje ka ba.

Za mu iya gasa nama a can, ko mu kwana?

A'a, duka biyun. Taɓon nan in ya bushe yana ci da wuta ta ƙarƙashin ƙasa. Gobarar tudun Saddleworth a Yunin 2018 ta yi makonni, har sojoji aka kira. A yi tsiren a gida a zo da shi a kwano. Kafa tanti kuma sai da izinin mai ƙasa ko a sansanin da aka tanada.

Yaya, ni da hijabi, ga ni baƙa. Ba za a yi ta kallona ba? Salla fa?

Za a kalle ki wani lokaci, ba zan ɓoye miki ba. Ranar Kirsimetin 2021 ƙungiyar Muslim Hikers, wadda Haroon Mota ya kafa, ta kai mutane fiye da ɗari Mam Tor, da hotunan suka fita wasu suka yi ta zagi a Facebook. Ƙungiyar ba ta fasa ba, mutane ma ƙaruwa suka yi. Abin da na gani da idona shi ne a kan tudu mutumin da ba zai dube ki a bas ba sai ya gaishe ki, ya yi miki zancen ruwan sama, don al'adar wurin ce duk wanda aka yi kiciɓis da shi a gaisa.

Nemi hijabin da ba na auduga ba, ki cusa bakinsa cikin rigar ruwa saboda iska. Doguwar riga kuma ta tsaya sama da idon sawu, da wando a ciki, in ba haka ba laka za ta sha. Kamfas ɗin taswira shi ne na alƙibla: daga nan kudu maso gabas take, ba gabas kamar yadda muke cewa a gida ba. Ni da alwala nake fitowa daga gida, in yi shafa a kan huffi in ta kama, don ruwan ƙoramar nan a Janairu yana sa haƙori kaɗawa. Darduma ta leda mai naɗewa ta fi, kuma ki ɗora dutse a kowace kusurwa kafin ki tayar da kabbara.